Akwatin da Na Ja Inna a Cikinsa

Wana Alhaji Bello ya raba ni da uwata a sa'ar da take barin duniya, alhali tsakanina da ita bai kai taku goma ba. Wannan shi ne abin da aka yi mini. Na fara da shi ne don kada wani ya karanta rabi ya ɗauka yawon buɗe ido na je.

Tun da muka dawo, duk wanda na haɗu da shi a tashar Bodinga sai ya yi mini ta'aziyya, sannan ya ce, "To Ummaru, ƙaƙa Nijar ɗin?" Wasu kuma labarin ɗakin nan mai taya suke son ji, don sun ga fitarmu da shi. Na gaji da maimaitawa. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, amma zan rubuta yadda na iya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Inna mutuniyar Adar ce, daga wani ƙauye gaba da Birnin Konni, a hanyar Tawa. Aure ya kawo ta Bodinga, ta yi shekara sama da hamsin a nan. 'Yan'uwanta duk sun rasu sai ƙanwarta Kulu. Da ciwon ƙirji ya kwantar da ita, har ba ta iya zaman kujera, sai ta kira ni ta ce, "Auta, ka kai ni in ga Kulu. In kuma abin ya zo bisa hanya, ka zan kusa." Na ce, "Inna, bar wagga magana." Ta ce, "Ni dai na gaya maka."

Ni direba ne, kuma ina taɓa walda. Ina da tsohuwar bas da nake ɗaukar albasa da ita zuwa Sakkwato. Na cire kujerun baya duka. Kwana uku ina wanke ta, matata Dije tana bi da turaren wuta. Na haɗa gadon ƙarfe na kafe shi a ƙasan motar, na ɗora katifa da matasai, na ja labule, na ɗaure jarkar ruwa da fo a gefe. Ba ta yi kyau ba, na sani. Amma daga kujerar direba in na juya wuya ina ganin fuskar wanda ke kwance, in ya yi tari ina ji. Abin da na gina ta dominsa ke nan.

Alhaji ya zo daga Shagari, inda yake zaune tun da ya bar aikin gwamnati. Ya leƙa kansa cikin bas, ya shaƙa, ya fito yana kaɗa hannu.

"Warin albasa. Uwata ba ta shiga garinsu cikin motar albasa. Mi za a ce da ni?"

Na ce, "Yaya, ba wanda za shi ce komi. Marar lahiya ce."

Ya shiga motarsa ya tafi. Bayan kwana huɗu ya dawo da jif ɗinsa tana jan wani abu fari mai taya biyu, wai ɗakin kwana ne da wasu masu aikin hanya suka bari a Sakkwato. Ciki akwai gado, da madubi, da 'yar fanka, da taga ɗaya ƙarama mai raga. Mutanen unguwa suka taru suna shafawa suna cewa wannan sai Turai. Ni ban taɓa kiransa ɗaki ba. Akwati nake ce masa.

A nan sai in yi bayanin wani abu don 'yan zamani. Alhaji shi ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunansa ba. Ba ta kallon idonsa, ba ta cin abinci gabansa, in ya yi mata magana ta bakin wani take amsawa. "Mutumin Shagari" take ce masa. Haka aka tarbiyyantar da su, kunyar ɗan fari. Alhaji ya san da haka fiye da kowa, shekararsa hamsin da wani abu yana cikinta.

Ya tsaya bakin ƙofarta, mutane na ji, ya ce, "Inna, ga ɗaki na samo miki. Ya yi miki?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi Dije. "Ce ma mutumin Shagari Allah shi yi albarka."

Ya juyo ya dube ni. "Ka jiya?"

Yana fita ta kama hannuna. "Auta, ni taka nike so. Ina ganin ƙeyarka."

"To Inna, gaya mishi."

"Da wane baki?"

Na bi shi waje na gaya masa abin da ta ce. Ya ce shi da kunnensa ya ji ta sa albarka, ni ne ke ƙara gishiri don a yabi motata. Dattawan unguwa na zaune kan tabarma suna ji. Ƙane ba ya ja da wansa gaban dattawa, ni ma haka aka tarbiyyantar da ni. Na ce to in shiga akwatin tare da ita. Ya ce shi bai iya jan abu a baya ba, ni zan tuƙa. Shi kuma ba zai zauna ɗaki ɗaya da Inna ba, ai ba ta sakewa. Don haka Dije ce za ta shiga da ita.

Mun tashi ranar Alhamis bayan asuba. Cikin Sakkwato masu keke napep suka yi ta binmu da ido. Wani a shataletale ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, shago na ko masallaci?" Alhaji ya ji daɗi, har ya sauke gilashi ya ɗaga masa hannu.

Mun wuce Kware lafiya. Kafin Gwadabawa na ga masu babur suna nuna mana baya. Na tsaya. Ƙofar akwatin ce ta buɗe da kanta, tana ta bugawa, Dije ta riƙe ta da hannu biyu tana salati. Sakatar ta lalace. Na nemi waya ta ƙarfe na ɗaure ƙofar daga waje, na murɗa da filaya. Da hannuna na yi wannan, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce wa Dije in akwai wani abu ta kira ni a wayar hannu. Har Illela kuwa ta kira sau biyu, sau ɗaya ruwa ya zube, sau ɗaya Inna na son a gyara mata matashi.

A iyaka muka sha zama. Jif na da takardunta, akwati ba shi da ko lamba. A ɓangarenmu aka yi ta kai da komo, a ɓangarensu ma haka. Wani jandarma baƙi dogo ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, sai ya ji tari.

"Mutane na ciki?"

Alhaji ya ce mahaifiyarsa ce, ya samo mata ne don ta huta.

Jandarman ya ce shi ya taɓa ganin Turawa da irinsa. "Amma su in sunka tsaya suke shiga su kwana. Ban taɓa ganin an ja shi da mutum ciki ba." Ya sa na kwance wayar, ya leƙa, ya durƙusa ya gai da Inna. Ta tambaye shi ɗan wane gari ne, ya faɗa, ta ce ta san kasuwarsu. Da ya fito ya ce, "Ku tahi, Allah shi ba ta lahiya. Amma ku riƙa tsayawa kuna dubawa." Alhaji ya ce in sha Allahu. Muna shiga mota ya ce ɗan sandan Faransa ne zai koya masa kula da uwarsa.

Sai bayan la'asar muka shiga Konni. Muka sauka gidan abokina Isuhu, wanda muke cinikin albasa tare. Mutanen can Hausarmu ɗaya da su, sai dai in sun yi kalma biyar ta shida Faransanci ce. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ga tauri, Alhaji ya ɗauka na jiya ne aka ba shi har ya ɓata rai. Shayi kuwa ba irin namu na madara ba ne. A ɗan ƙaramin kofin gilashi ake ba ka, mai ɗaci, kana shanyewa a sake dafa ganyen a ƙaro, har sau uku, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Aka kawo dambu da zogale da man gyaɗa.

Wannan yammacin shi ne abin da nake riƙe da shi. Muka fito da Inna muka jingine ta a tsakar gida. Matar Isuhu ta dama mata fura. Inna da ta yi wata biyu ba ta shan abin kirki, ta sha ludayi shida, na ƙirga. Ta ce, "Wagga ita ce hura. Ta Bodinga ruwan wanke ƙwarya ce." Dije ta ce, "Inna, shekara ashirin ina dama miki, yau kika tona mini asiri?" Inna ta yi dariya har tari ya kama ta. Harshenta ma ya sauya, ta koma maganar ƙauyensu, wasu kalmomin ban taɓa ji a bakinta ba. Da Alhaji ya shigo daga masallaci ta ja mayafi ta yi shiru kamar kullum.

Da safe Isuhu ya zagaya akwatin, ya sa tafin hannu a jikinsa ya cire da sauri.

"Alhaji, wanga ai tanderu na. Ku bar shi nan gidana. Ku kwantar da tsohuwa kujerar baya ta jif, Dije ta riƙe mata kai. Tahiyar ba ta kai awa biyu ba."

Na ce ni ma haka na gani. Na ƙara da cewa fankar ta daina juyawa tun jiya, kuma wayoyinmu duk sun mutu, layinmu ba ya aiki a ƙasar. Dije ba ta da yadda za ta kira ni.

Alhaji ya ce bai jawo abu tun daga Sakkwato don ya ajiye shi gidan mai albasa ba. Dangin Inna su ga yadda ɗanta ya riƙe ta. Isuhu ya ce, "To Allah shi kiyaye," ya shige gida. Bai sake fitowa ba sai da muka tayar da mota.

Da mun fita da sanyin safiya, wataƙila da ban rubuta wannan ba. Amma sai da Alhaji ya kai jif aka wanke, ya shiga kasuwa ya sayo sukari da atamfa na tsaraba. Rana ta take sosai kafin mu bar Konni, ga shi bazara ce. Ranar Juma'a ce kuma, ya ce lallai a ƙauyen zai yi salla, a gan shi a sahun gaba.

Bayan kamar rabin awa na tsaya na kwance wayar. Zafin da ya fito daga ciki ya bugi fuskata. Inna ta jiƙe da gumi, Dije na yi mata fifita da murfin kwano. Na ba ta ruwa, ta kurɓa kaɗan.

"Auta, da sauran nisa?"

"Kaɗan ya rage, Inna."

"To."

Alhaji ya danna hon. Na ɗaure ƙofar na koma.

Daga nan muka bar kwalta muka hau hanyar burji, duwatsu da ramuka. Alhaji ya ɗaga gilasai, ya kunna sanyi, ya kunna rediyo yana neman tashar da zai ji labarai. Na duba madubi, ba na ganin komai sai farin gaban akwatin, don ya fi jif faɗi. Sau biyu na rage gudu na ce in duba su. Na farko ya ce, "Yanzu ka duba." Na biyu ya nuna mini agogonsa. Ni kuma na taka mai. Na sha tambayar kaina me ya hana ni taka birki kawai. Ba abin da ya hana ni sai dai wana ne ya nuna mini agogo.

Wani mai babur ne ya cim mana, da akuya ɗaure a bayansa. Ya yi ta dukan gilashina da hannu. Na sauke.

"Ku tsaya! Ku kurame na? Mace na kuwwa bayanku tun daga rijiya!"

Ban san wace rijiya yake nufi ba. Daga baya da muka dawo ta hanyar na auna, ta fi kilomita goma.

Na ɗauki filaya na kwance wayar ƙofar. Dije na zaune a ƙasa, hannuwanta sun kumbura saboda dukan bango, ragar tagar ta yage ta yanke ta a yatsu. Muryarta ta tafi, bakinta kawai ke motsi. Kanta ba ɗankwali. Da shi ta ɗaure wa Inna haɓa. Ta riga ta rufe mata ido, ta miƙe mata ƙafafu.

Na taɓa goshin Inna, da sauran ɗumi. Na tambayi Dije abu ɗaya, ko ta samu kalmar shahada. Ta gyaɗa kai. Alhaji ya tsaya daga waje yana ta innalillahi, bai shigo ba. Mai babur ya cire hularsa ya yi addu'a, akuyarsa na ta kuka, sannan ya ce zai shiga gaba ya nuna mana hanya.

Tun daga nesa mutanen ƙauyen suka hango farin abu na tafe. An gaya musu muna zuwa. Mata suka fito bakin hanya, wata tsohuwa siririya a gaba tana rangaɗa guɗa. Ban taɓa ganin Kulu ba, amma na gane ta, tafiyarsu ɗaya da Inna. Mai babur ya tsaya ya yi mata magana. Guɗar ta yanke. Ta zo da kanta, na buɗe mata, ta hau da ƙyar. Ta zauna bakin gadon ta ce, "Yaya, kin iso?" Ta faɗa har sau biyu, sannan ta ce a kawo ruwa.

Ita ta yi mata wanka. An yi jana'iza bayan sallar Juma'a, kuma Alhaji ya samu sahun gaba. Ƙasar can dutse ce, sai da aka sa diga kafin kabari ya samu, kuma duwatsu suke jerawa a kai, ba ƙaya da tukwane kamar namu ba. Atamfar tsaraba tana nan cikin ledarta, ba wanda ya san abin da zai yi da ita.

Kwana uku muka yi. Talakawa ne ƙwarai, amma ba a bar mu da yunwa ba ko sau ɗaya. Kowane gida da ƙwaryar furarsa. Maza su zo su zauna, a yi fatiha, a sha shayin nan mai ɗaci, su tashi, wasu su zo. Ba wanda ya tambaye mu yadda aka yi. Kulu kaɗai ta kira ni gefe ta ce, "Ta yi maganata bisa hanya?" Na ce ta sha furar Konni ta ce ta fi ta Bodinga. Ta yi murmushi ta ce, "Ita ce."

Da za mu dawo Dije ta ce ko a ƙafa za ta taka, ba ta sake shiga akwatin. Ta zauna kujerar baya ta jif, inda Isuhu ya ce a kwantar da Inna. Kujerar ta ishe mutum kwanciya har da saura. Muka jawo akwatin ba kowa ciki har Bodinga. A iyaka jandarman nan ya gane mu, ya tambayi jikin tsohuwa. Alhaji ya dubi gefe. Ni na gaya masa.

Muryar Dije ba ta dawo sosai ba sai da muka kwana biyu a gida. A ranar ta gaya mini sauran abin da ya faru a ciki. Na ce kada ta gaya wa kowa.

Ranar sadakar bakwai aka cika ƙofar gidanmu, har daga Dingyadi da Horo Birni. Ina zaune ina jin Alhaji yana karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo sai ya ce masa, "Alhamdu lillahi, ta cika cikin hutu, bisa gado, kamar tana ɗakinta. Ba abin da na rage ta da shi." Mutane na cewa Allah ya saka masa, irinsa ake so a haifa. Ya faɗa ya fi sau ashirin. Akwatin na ajiye gefen gida, masu ta'aziyya na leƙawa.

Na bari aka yi la'asar, aka watse, ya shiga zaure yana neman takalminsa zai koma Shagari. Na bi shi na tsaya bakin ƙofa. Ya ce, "Ummaru, lahiya?"

Na ce, "Yaya, ban taɓa ɗaga maka murya ba, yau ma ba ni ɗagawa. Ka san Inna ba ta ce maka a'a, ko wuta ka ce ta shiga. Ka sani, shi ya sa ka tambaye ta gaban mutane. Ni ta roƙa in zan kusa, ban zan ba, wannan nawa na, ni da Allah. Amma akwai naka. Da numfashinta ya fara yankewa, ba ni ta kira ba. Dije ta ce ta ɗaga kai ta dubi bangon gaba, inda mota take, ta ce Bello. Da bakinta. Sau uku, Bello, Bello, Bello, ka tsaya. Shekara hamsin da biyar ba ta faɗi sunan ga ba sai rannan, kai kuwa kana neman tashar rediyo. Ka ci gaba da gaya ma mutane ta cika cikin hutu, ba ni ƙaryata ka. Amma kada ka sake faɗinta inda nike zaune."